Sulen Cibiya na Dada Hikima

Duk wanda aka haifa a layin su Dada Hikima a unguwar Manawashi ta Gombe cikin shekara arba'in ɗin nan, in ya ɗaga riga ya ga cibiyarsa kwance lafiya lau, to Dada za ta ce aikinta ne. Ba ruwanta da ya zama soja ne ko malamin makaranta. In ya durƙusa gaishe ta, kafin ta amsa sai ta nuna cikinsa da leɓe ta ce, "Ba don ni ba, da yanzu wandonka ba ya ɗauruwa."

Abin da take tinƙaho da shi wani ƙullin tsumma ne, faɗinsa kamar ƙosan da aka take da takalmi. Launinsa ba shi da suna. Ba baƙi ba ne, ba ja ba ne, ya dai yi kama da ƙasan tukunyar da aka shekara ana suyar kifi a cikinta. In ka taɓa shi sai ya kama maka yatsa. Warinsa kuwa, haɗa tsohon man shanu da fitsarin jarirai da hoda da zufar bazara, ka rufe su a gwangwani ɗaya, ka dawo bayan shekara arba'in. A gwangwanin madara take ajiye shi ƙarƙashin gado, kuma ranar da ta buɗe gwangwanin, kyanwar gidan a waje take wuni.

A cikin tsumman nan, in ji Dada, akwai sulen azurfa na zamanin Turawa. In cibiyar jariri ta turo waje, sai a zo a ara, a ɗora shi a kanta, a ɗaure da ƙyalle. Bayan wata biyu ko biyar ko shekara, cibiya ta koma, a dawo da abu da ɗan goro da godiya.

A wata ruga aka haife ta, can wajen Dukku. Mahaifiyarta na cikin matan da ke kitse sulalla a gashi, in suna tafe da ƙwaryar nono ana jin ƙararsu tun daga nesa. Ranar da za a kawo Hikima Gombe gidan miji, uwar ta warware sule ɗaya daga kitsonta, ta ɗinke shi cikin farin ƙyalle, ta damƙa mata. Ta ce na cibiya ne, kada a buɗe, kada a wanke, ruwa na tafiya da albarkarsa. Hikima ta riƙe maganar nan fiye da yadda ta riƙe karatun sallah. Duk gidan da ya ara, in ƙyallen ya fara cinyewa, sai su naɗa wani a kai su ɗinke. Haka abin ya yi ta ƙiba, yana ƙara wari, yana yawo gida-gida daga Manawashi har Madaki.

Mijin nata Malam Bakari ne, mai ɗinkin buhu a kasuwar Tudun Hatsi. Mutum ne shiru-shiru, basillarsa kullum soke a hula, goro kullum a kumatu. Ya rasu shekara goma sha biyu ke nan, kuma tun daga ranar Dada ta mai da shi waliyyi. Ba ta faɗin sunansa, sai dai Malam. "Malam ko allurata bai taɓa ɗauka ba sai ya tambaya," haka take gaya wa matan layi in suna ƙarar mazansu. Zoben azurfar da ya bari, wanda ya ce wani abokinsa ne ya kawo masa tsaraba daga Makka, shi ne a yatsanta na tsakiya har yau.

Sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, a zaure. Nan ne za ka san Dada mace ce mai ƙyanƙyami. In ka miƙo mata takardar kuɗi, da kan farce biyu take karɓa, ta kau da hanci, ta jefa a roba.

"Ji fa," ta kan ce. "Wannan ta kwana a hammatar wani, ta wuni a hannun mai kifi, an goge majina da ita. Da can kuɗi ƙarfe ne. Ko masai ya faɗa, ka ciro ka dirje da toka ya dawo sabo. Yanzu an kashe kwabo, an kashe sisi, an kashe kwandala, an bar mu da tsummokara. Kuma da ƙananan suka mutu sai komai ya yi tsalle. Abin naira uku ba wanda zai ce uku, sai ya ce biyar, da biyar ta mutu ya ce goma. Ai gwamnati ba ta kyauta ba."

Wadda ta fi kowa jan ta a kan wannan ita ce Ya Falmata, maƙwabciyarta ta jikin katanga, 'yar Barno da rikici ya koro su Gombe, mai haɗa turaren wuta da humra. Bafulatana da Babarbariya, ka san ba za a zauna lafiya ba.

"Ke da ke ƙyamar kuɗin mutane," in ji Ya Falmata ta saman katanga, "naki na gwangwani fa? Jiya da kika buɗe shi sai da na ƙona turaren da zan sayar. Ki biya ni, baiwar gidanmu."

"Baiwa a ina? Ku da muka saya da maraƙi gurgu? Wannan warin albarka ne, hancinki ne bai san asali ba."

Kada ka ɗauka ko wane ƙarfe Dada ke so. A shekarar da aka sake fito da sababbin kwandaloli, masu launi biyu, ta yi murna har da guɗa. Malam ya zo mata da su cikin leda. Ta ɗauki ta naira ɗaya, ta auna a tafin hannu, ta jefa a siminti don ta ji ƙara. Ba ta ji abin da take so ba. Ta kai wa mai shago, ya ce ba ya karɓa. Ta ba mai ruwa, ya ce, "Haba Dada, me na yi miki?" Ta dawo ta watsa su a tsakar gida, ta ce wannan ba kuɗi ba ne, marfin kwalba ne aka yi wa ado, ko kare aka rataya wa sai ya ji kunya. Tun daga ranar, in tana son ta ce abu ba shi da daraja, sai ta ce kwandalar zamani.

To ana nan, autanta Uzairu, wanda ke zaune a unguwar Federal Low-Cost, matarsa Bushra ta haifi namiji bayan 'ya'ya mata biyu. Aka sa masa sunan kakansa, ake kiransa Mu'azzam. Dada ba ta iya faɗin sunan, sai ta ce mai sunan Malam, ko maigidana. Yaro ya yi wata biyu, cibiya ta turo. In ya yi kuka sai ta kumbura kamar gauta.

Dada ta ga abin, zuciyarta ta yi fari. Shekara arba'in tana gyaran cibiyoyin 'ya'yan wasu, yau ga ta gida. Ta ɗauki gwangwani, ta hau keke mai ƙafa uku har Low-Cost. Mai keken ya yi ta waiwaye yana duba tayoyinsa ko ya taka mushe.

Bushra malamar firamare ce, mai ladabi, amma da aka buɗe gwangwanin sai ta ja da baya har ta bugi firji.

"Dada, don Allah ki yi haƙuri. An duba shi a asibiti. Sun ce a bar ta, da kanta za ta koma, kada a ɗaura komai."

"Da kanta? Ita cibiyar hankali gare ta? Shi likitan, wa ya gyara tasa?"

"Dada, fatarsa ba ta yi ƙwari ba, ga zafi."

Dada ta juya wajen ɗanta. Uzairu ya tuna cewa yana da waya, ya manna ta a kunne ya fita, ko ƙara ba ta yi ba.

Dada ta dawo gida da gwangwaninta, ba ta ci tuwo ba. Ba ciwon yaron kaɗai ke cin ta ba. In aka ji jikan Dada Hikima na yawo da cibiya kamar gauta, kuma sule na kwance a gwangwani don suruka ta ce ƙazanta ne, wa zai ƙara zuwa aro? A layin nan ba ta da mota, ba ta je Makka ba, ba ta da ɗa a gwamnati. Abin da ya sa ake miƙe mata a gidan suna shi ne tsumman nan. Kuma maganar ta riga ta fita, don Ya Falmata ta leƙo da safe ta ce, "Na ji an mayar miki da kwandala, an ce ba a karɓa."

Allah ya kawo mata hanya. Hutun haihuwar Bushra ya ƙare, dole a riƙa kawo yaro Manawashi da safe, a ɗauke shi bayan azahar. Da ƙarar keken Bushra ta ɓace, Dada sai ta jawo gwangwani. Ta ɗora, ta ɗaure da gefen tsohon zane, ta ja tamau. "Yi shiru maigidana, gyara ake maka." Kafin a tashi makaranta ta kwance, ta shafe wurin da hoda, ta zauna a zaure tana ƙulla ƙuli-ƙuli kamar ba ita ba.

Watan zafi ne, irin zafin Gombe da ko ƙadangare ba ya hawa katanga. Kwana huɗu wurin ya yi ja. Dada ta ce aiki ne ya fara. Kwana bakwai ƙuraje suka feso, suna ruwa. Ta ce dafi ne ke fita. Bushra a gida ta sauya sabulu, ta sauya mai, ta sauya famfas, tana shinshina ɗanta tana cewa wani irin ƙarni yake yi da ba ta gane ba.

A rana ta tara, aka tashi makaranta da hantsi saboda rasuwar wani malami. Bushra ta yi sallama ta shigo, ta tarar da Dada na jijjiga yaro yana tsala ihu, Ya Falmata na tsaye da mayafi a hanci tana cewa a kwance masa. Bushra ta nufi Dada. Ta karɓi ɗanta, ta ɗaga rigarsa, ta warware zanen. Tsumman bai faɗi ba, ya manne. Da ta ɓamɓare shi a hankali, sai ya taho da 'yar fatar wurin.

Warin da ya tashi, Dada ta san shi shekara arba'in, amma ba ta taɓa jin sa haɗe da ɗanyen gyambo ba. Ta dubi cikin jikanta, wurin ya yi jawur yana naso, ga zanen tsumman ya fito a fatar kamar an buga hatimi.

"Dada," in ji Bushra, "me ke cikin abin nan?"

"Azurfa ce. Azurfa ba ta cuta."

"To a buɗe mu gani. In azurfa ce, a dafa ta a ruwan zafi, in ya warke na yarda ki ɗora ta a kan riga. Amma wannan bolar ba za ta ƙara taɓa shi ba."

"Ba a buɗewa."

"Tsoro take ji," in ji Ya Falmata ta cikin mayafi. "Ƙila kashin akuya ne uwarta ta ɗinke mata. Bafulatani zai ba da azurfa kyauta?"

Wannan ita ta yi aiki. Dada ta miƙe, ta ɗauko reza da faranti, ta zauna a tsakar gida. "Ku matso ku ga abin da kakanninku ba su taɓa riƙewa ba."

Ta tsaga na farko, wani yadin atamfa da ya koma kamar fata. Na biyu gefen zanen goyo ne, ya daskare da mai. Na uku da ta ɗaga, wasu ƙananan ƙwari farare suka watse a faranti, Ya Falmata ta yi salati ta koma bakin ƙofa. Akwai safar jariri. Akwai bandeji da ya zama ruwan ƙasa. Akwai wani da ba a gane ko mene ne ba, da gashi a jikinsa. Ƙudaje suka taru kamar an yanka rago. Dada na yanka tana kau da kai, tana ambaton gidajen da ta gane ƙyallensu, amma muryar na ƙara yin ƙasa.

Tana jiran farin ƙyallen mahaifiyarta da ɗinkin hannun mata, ƙanana a jere. Abin da ta tarar a ƙarshe guntun buhun hatsi ne, an ɗinke bakinsa da zaren buhu, manyan ɗinki a karkace, an ƙulle ƙarshen sau biyu an mayar da wutsiyar ciki. Dada ta tsaya da reza a hannu. Shekara talatin tana ganin wannan ƙullin a bakin kowane buhun masara da ya shigo gidan. A duk Tudun Hatsi mutum ɗaya ke mayar da wutsiyar zare ciki: Malam.

Ta yanke. Abu ya faɗo a faranti, ƙararsa ko ta cokali ba ta kai ba. Bushra ta zuba masa ruwan buta, ta murza da tsinke. Gefe fari, tsakiya ruwan ɗorawa. Naira ɗaya ce, kwandalar zamani, irin waɗanda Dada ta watsar a wannan tsakar gidan da hannunta.

Dada ta dubi kwandalar, ta dubi zaren buhun. Sannan a hankali ta juya hannunta ta dubi zoben da ke yatsanta. Ta tuna shekarar da ya zo da shi, shekarar sababbin kwandalolin nan ce. Ta tuna ta tambaye shi wane aboki ne ya je Makka, ya ce ba ta san shi ba, ya cusa goro a baki. Ta tuna maƙerin azurfa da ke zama kusa da rumfarsa.

Ya Falmata ce ta fara fashewa. Ta yi dariya har ta zauna a kan turmi. "Wayyo cikina! Ko allurarki bai taɓa ɗauka ba! Ai gaskiya ne, allura ya bari, azurfa ya ɗauka!"

Dada ta kama zoben za ta cire. Gaɓar yatsan ta kumbura da tsufa, ya ƙi fita. Ta sa sabulu, ta sa man gyaɗa, ta ja har wurin ya yi ja. Yana nan daram.

"To ɗaura masa yatsan naki a cibiya mana," in ji Ya Falmata, tana share hawaye.

Dada ta ƙura wa kwandalar ido. Tana lissafin wani abu a ranta. Tun daga shekarar kwandalolin nan zuwa yau, jarirai nawa aka ɗaura wa abin nan? 'Yan biyun gidan mai faci. 'Yar Millicent mai ɗinki, da ta zo aro a ɓoye kada a ji a cocinsu. Jikokin liman uku. Duk cibiyoyinsu sun koma. Da marfin kwalba. Da abin da mai ruwa ya ƙi karɓa.

"Ke 'yar nan," ta ce da Bushra ba tare da ta ɗago ba, "me suka ce miki a asibitin?"

"Sun ce da kanta take komawa, Dada."

Dada ta yi tsaki mai tsawo, ba a san ko da likita take ba, ko da cibiya, ko da wanda ke kwance a maƙabarta. Ta miƙe, ta kwashe tsummokaran da tsinken murhu, ta zuba a wuta. Hayaƙin ya kori kajin maƙwabta. Ta wanke hannu sau uku da toka, ta yafa mayafi, ta ce a tsayar da keke, da ita za a je a duba yaron. A hanya ta karɓe shi ta rungume, ta leƙa fuskarsa ta ce, "Kai kuma, in ka tashi ka yi halin mai sunanka, ni da kai ne."

An ba su man shafawa, gyambon ya bushe cikin mako biyu. Cibiyar kuwa ta yi zamanta a waje har yaro ya fara tafiya, sannan wata rana aka duba aka ga ba ta.

Labari ya riga Dada dawowa layi, don Ya Falmata ba ta iya riƙe ko tari. Yanzu in ƙato ya durƙusa gaishe ta, shi ke riga ta shafa ciki ya ce, "Dada, naira ɗaya na gaishe ki." Ta kan ce ya tashi ya ba ta wuri. Duk da haka akwai wata amarya daga Madaki da ba ta ji ba, ta zo aro da goronta a leda. Dada ta karɓi goron da kan farce biyu, ta ce, "Je ki wanke ɗanki ki bar masa cibiyarsa. Sule ya mutu, an yi sadakar bakwai."

A kan kuɗin ƙarfe ba ta sauya magana gaba ɗaya ba. Har yanzu tana cewa takarda ƙazanta ce. Amma in aka ce ana so a dawo da kwandala, sai ta ce a dawo da ita a ba wa? Abin da ba ya sayen ashana, aikinsa kawai ya ɓuya a tsumma ya yaudari mutane.

Ita kwandalar, ranar nan da za su fita asibiti Dada ta shure ta da ƙafa, ta gangara ta faɗa kwatar ƙofar gida. Tana nan har yau, in rana ta take tana ƙyalli a cikin baƙin ruwa. Masu zuwa masallaci na tsallake ta, masu talla na tsallake ta. Wani mai jari bola ya taɓa tsamo ta da tsinke, ya juya ta, ya mayar. Dada kuwa duk fitar da za ta yi sai ta tsaya a kanta ta tofa yawu, ta murza zoben da ya ƙi fita, sannan ta wuce.